Bututun Bakin Ƙofarmu

Shekara biyu da ba mu jiharmu muka tare a gidanmu na Gwadangaji. A lokacin Birnin Kebbi ta cika maƙil da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, gidan haya ya yi wuya, duk mai ɗan fili yana gini cikin gaggawa. Maigidana ma haka ya yi. Ɗakuna huɗu ne da tsakar gida mai faɗi, ko katanga ba a gama ba muka shiga. Ni ina koyarwa a wata makarantar firamare cikin gari, shi kuma an tura shi aiki Argungu. Sai ranar Juma'a da yamma yake dawowa, ya koma Litinin da sassafe.

Abu ɗaya da ya kafe a kai wajen ginin shi ne bandaki. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana fama da ciwon gwiwa, tsuguno ya zame mata azaba. Saboda ita ya sa aka yi bandaki na zamani mai kujera, wanda ake kora da ruwa, ɗaya a jikin ɗakinta, ɗaya a ɓangarena. Salga kuwa ba a haƙa ba sam. Ruwan bandakunan biyu da na wurin wanka duk suna haɗuwa a wani ɗan akwatin siminti mai murfi a tsakar gida, wanda magina ke kira camba. Daga nan babban bututu guda ya bi ƙarƙashin ƙasa, ya wuce ta ƙasan babbar ƙofa, ya faɗa ramin da ke waje jikin katanga, wato sokawe. Na san hanyarsa sarai, domin ranar da ake binne shi ni na kai wa ma'aikata abinci, na daɗe a tsaye ina kallonsu.

Bayan daminarmu ta biyu a gidan abin ya fara. Da farko ƙara ce kawai. In an kora ruwa a bandakin Inna, sai in ji nawa yana ɓulɓul kamar mai kurkure baki. Ban kula ba. Bayan mako biyu ruwa ya fara jinkirin tafiya. Wata safiya ina shirin makaranta na shiga wurin wanka, na tarar da ruwa baƙi ya taso ta magudana ya kwanta a daɓe, ga wari har cikin ɗaki. Na ɗaga murfin camba da taɓarya, na ga ya cika har baki.

Maigida ba ya nan, don haka na aika wa yayansa. Yaya ɗan kasuwa ne, yana saro shinkafa daga Gulma yana sayarwa, kuma shi ke duba mu in ƙanensa ya tafi. Mutum ne mai son zumunci, in ka kira shi ko yana cin abinci zai ajiye ya zo. Sai dai yana da sauri, kuma in ya yanke magana ba ya son a ƙara masa. Ya zo a kan babur ɗinsa, ya leƙa camba yana toshe hanci da gefen riga.

“Sokawe ya cika,” ya ce. “Ba wani abu ba ne, Malama. Gobe in kawo masu yasa.”

Washegari ya zo da mutane uku. Suka fasa gefen murfin ramin suka ɗaga. Ina daga cikin zaure na ji ɗayansu yana cewa ai ramin ko rabi bai kai ba. Na leƙo na gani da idona, ruwan yana can ƙasa, bakin bututun da ke zuba a ciki kuwa ɗigo kawai yake yi. Yaya ya ce to, tsumma ne ya toshe, yara sun jefa wani abu. Aka samo dogon rodi aka lanƙwasa masa kai, aka zura ta camba ana turawa ana ja. Can ruwan ya motsa, ya sauka a hankali. Kowa ya ce alhamdu lillahi, suka rufe suka tafi.

Kafin su tafi da rodin na dubi kansa. Babu tsumma, babu leda. Jar ƙasa ce manne da shi, irin ta filinmu. Wannan ya tsaya mini a rai. Me ƙasa take yi a cikin bututun roba?

Kwana huɗu kacal muka samu, ruwa ya sake tasowa. Wannan karon mun daina amfani da bandakunan gaba ɗaya. Maƙwabciyarmu ta ce mu riƙa shiga salgarta, Allah ya saka mata. Ni da yara ba mu da matsala, amma Inna sai na riƙe ta mu taka a hankali har can, in tsaya a bakin ƙofa in jira, in ji tana nishi wajen miƙewa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta rage cin abinci ne kawai, ta rage shan ruwa, don kada ta yawaita fita. Da na gane haka raina ya ɓaci ƙwarai.

Yaya ya dawo ya zauna a tabarma gaban ɗakin Inna, ya ce shi ya gama tunani. Wannan abin na Turawa ba namu ba ne, ginin gaggawa anka yi, bututun duk ya lalace. A bar shi inda yake, a haƙa salga a bayan gida kamar kowa, a huta. Zai gaya wa ƙanensa ranar Juma'a.

Na ce, “Yaya, Inna fa?”

“A yi mata 'yar kujera ta katako a ɗora.”

Inna ta ce duk yadda anka yi daidai ne. Ni dai ban yarda bututun duk ya lalace ba. Ni 'yar Augie ce, babana manomin albasa ne, a bakin fadama na girma. Tun ina ƙarama na san in ruwa ya bar bakin rijiya bai isa fangalin albasa na ƙarshe ba, ba a rushe hanyar ruwan duka. Bi ake yi a ƙasa ana duba inda ya jiƙe alhali bai kamata ya jiƙe ba. Galibi wuri ɗaya ne, ramin gafiya ko inda saniya ta taka.

Da na dawo daga makaranta washegari, na ajiye jaka na bi layin bututun da ƙafa tun daga camba. Ruwan sama ya ɗauke fiye da wata guda, tsakar gida ta bushe ƙamas, ciyawa duk ta mutu. Ina isa bakin babbar ƙofa daga ciki na tsaya. Wani wuri kamar faɗin tabarmar salla ciyawarsa kore shar. Kajina kullum a nan suke tono, na sha ganinsu ban kawo komai a raina ba. Na taka wurin da diddige, na ji ƙasa ta ɗan nutsa. Na soka tsinke mai tsawo na zaro na shinshina, ban buƙaci a gaya mini ba.

Duk da haka ina son in tabbatar. Na tuna rodin da aka zura, na tuna tsatsar da ke jikinsa ta goge daidai inda ya daina shiga. Na bi sawun mutanen nan har shagon da suka aro shi, na roƙi mai shagon ya bar ni in auna. Ya yi ta kallona, mace da igiyar shanya tana auna rodi, amma ya bari. Na ƙulla igiyar a daidai tsawon da ya shiga. Da na dawo gida na kafa bakinta a camba na ja ta bisa layin. Ƙullin ya sauka a tsakiyar koren ciyawar nan.

A nan ne na tuna da tifa. Cikin daminar da ta wuce, lokacin da ake ƙarasa katanga, an kawo yashi. Direban ya so ya juye a waje, Yaya ya ce a'a, ya shigo ciki kada yaran unguwa su watsar. Ƙasa a jiƙe take, tayar baya ta kafe a bakin ƙofa, motar ta yi ta gurnani tana tono kafin ta fita. Daga baya aka cike gurbin da ƙasa aka manta. Bututun kuma na san ba shi da zurfi a wurin, da ƙyar ya kai kamu ɗaya.

Na zauna a kan turmi ina tunani. Na san abin da ya faru, ba ni da shakka ko kaɗan. Amma in na faɗa wa Yaya kai tsaye, zai ji kamar laifi nake ɗora masa, kuma shi alheri ya yi nufi. In kuma na jira Juma'a, shi zai fara tarar maigida a tasha ya gama shirya masa maganar salga kafin ya iso gida, kuma maigidana ba ya musu da yayansa.

Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta bayan darasi na biyu, na bar yara wajen maƙwabciya, na gaya wa Inna zan je in dawo. Na yage takarda daga littafin tsara darasi, na zana gidan: ga camba, ga layin bututu, ga ƙofa, ga sokawe, na yi da'ira inda nake zargi. Na hau motar Argungu. Hanya duk shinkafa ce ake yanka a fadama, motar kuma tana tsayawa kowane ƙauye, sai bayan azahar na isa.

Maigida ya firgita da ya gan ni a bakin ofishinsu, ya ɗauka Inna ce. Na ce lafiya lau take, na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

“Malama, taswira kika zo koya mini?”

“Malam, bututun bai lalace ba. Wuri ɗaya ne ya karye, nan. In aka tona nan ba a same shi ba, ni da kaina zan ce a haƙa salga.”

Na ba shi labarin tasowar ruwan da shawarar Yaya ta haƙa salga, sannan na jar ƙasa da ciyawa da igiya. Da na zo kan tifa ya daina murmushi, ya shafa gemu. Ya ce akwai wani dattijo a nan Argungu da ya daɗe yana aikin famfo da bututun ban ruwa, shi ke gyara musu na gidajen ma'aikata. Muka same shi a rumfarsa bayan kasuwa, yana zaune cikin tarin tsofaffin kawunan famfo, gajere ne mai farin gemu, da tabarau ɗaure da zare. Bai yi dariya ba da ya ga zanen. Ya sa yatsa a kan da'irar.

“Ɗiyata, in kun kora ruwa, nan take yake tasowa ko sai an jima?”

“Sai an kora kamar sau uku, Baba.”

“To toshewar ba kusa take ba, sai bututu ya cika tukuna. Rodin da anka zura, mi ya fito da shi?”

“Jar ƙasa.”

“Wani abu mai nauyi ya bi ta wurin?”

Na dubi maigida, shi ya amsa. Ya ce motar yashi. Baba ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce Asabar da safe yana tafe, kada kowa ya taɓa komai.

Na koma gida a ranar. Juma'a kuwa Yaya ya tari maigida kamar yadda na zata, amma maigida ya ce masa ya riga ya yi magana da mai gyara, a bari ya duba tukuna. Bai ambaci zuwana ba, ni ma ban ambata ba.

Asabar da hantsi Baba ya sauka da buhun kayan aiki da guntun bututu a kafaɗa, an samo masa leburori biyu daga unguwa. Yaya ya zo shi ma, ya tsaya da hannu a baya. Baba bai fara tono ba. Ya sa aka kwashe ruwan camba da guga aka kai can bayan gari, sannan ya nemi in ba shi bulun wanki. Ya dama a bokiti ya zuba, ya sa aka bi shi da bokiti uku, ya ce maigida ya tsaya a bakin sokawe ya gani ko shuɗin zai fito. Muka jira. Maigida ya ce ɗigo ne kawai. Baba ya je wurin ciyawar, ya kafta shebur sau biyu ya tsaya. Ba a jima ba ruwa mai shuɗi-shuɗi ya fara tsattsafowa a gindin ramin.

“To, ga shi nan,” ya ce. “Ku tona a hankali. Ku ajiye diga, da shebur za ku bi shi.”

Warin da ya tashi ba a magana. Leburorin suka ɗaure hanci da ƙyalle, Baba ya sa suka zura ƙafafu cikin takalman roba. Ƙasar wurin ta zama baƙin taɓo. Da suka kai kan bututun, Baba ya sauka da kansa ya share shi da hannu cikin leda. Ina tsaye daga bakin zaure ina hange. Bututun ya lotse kamar an taka gwangwani, ya tsage ta sama tsawon hannu guda, ƙasa da saiwar ciyawa sun cika shi, sai wata 'yar kafa da rodi ya huda.

Baba ya ɗago kai. “Wanga ba toshewa ba ce. Nauyi ne ya danne shi.”

Ni na sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Yaya ya matso bakin ramin ya duba, ya dubi ƙofa, ya dubi katanga. Ya daɗe a haka.

“Motar yashi,” ya ce. “Ni na ce ta shigo. Nan ta kafe, wallahi nan ta kafe.”

Maigida ya ce ai ba wanda ya san bututu na wurin. Yaya ya ce a'a, shi ya sani, mantawa ya yi. Daga nan ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofa, ya tambayi Baba abin da ake buƙata. Baba ya lissafa masa: siminti, tsakuwa, rodi kaɗan, da bulo. Ya hau babur ya tafi, bai dawo ba sai da amalanke biye da shi.

Baba ya sa aka faɗaɗa ramin gaba da baya har aka kai inda bututun yake lafiya. Ya yanke ɓarnar da zarto, ya goge bakunan, ya sa aka zura rodi ta kowane ɓangare aka wanke da ruwa har ya fito fes. Sai ya ciro wani siririn tiyo da ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa, ya ba maigida baki ɗaya ya riƙe a camba, shi ya riƙe ɗayan a rami yana auna gangara. Ya ce sashen da ke kusa da karayar ya ɗan nutse, in an haɗa a haka ruwa zai riƙa kwanciya. Aka ɗaga shi, aka shimfiɗa yashi a ƙasa aka daddanna, ya sake aunawa har sau uku kafin ya gamsu. Sannan ya shafa gam, ya haɗa sabon guntun da mahaɗi biyu.

Da ya ce a kawo ƙasa a rufe, na yi gyaran murya.

“Baba, ina da magana.”

“Faɗi, ɗiyata.”

“Ƙofar nan ƙofa ce, wata rana wata motar za ta sake shiga. Kuma daga camba zuwa sokawe da nisa. In da za a yi wani ƙaramin camba nan gefe, ko gaba wani abu ya faru ba sai an yi ta lalube ba.”

Na zaci Yaya zai ce aikin ya isa haka. Sai ya ce wa Baba, “Yi yadda ta ce.” Baba ya ce dama kankare yana cikin niyyarsa, shi ya sa ya nemi rodi, amma camban bai kawo shi a rai ba, kuma daidai ne. Wannan ya ƙara mana yini guda. Ya kwana a ɗakin baƙi, na yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ce kifin dai bai kai na garinsu ba amma miyar ta yi.

Lahadi da la'asar aka gama. Ƙaramin camba ya zauna gefen ƙofa daga ciki, an rufe bututun da yashi, an zuba kankare mai kauri a kansa daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Kafin a sa murfi Baba ya ce in kawo masa lemun tsami guda. Ya jefa shi a camban tsakar gida, ya sa aka bi shi da bokitin ruwa. Muna tsaye a sabon camban muka ga ya wuce da gudu. Maigida daga waje ya ɗaga murya ya ce ya faɗo. Leburorin suka yi ta dariya. Baba ya ce a ba gam da siminti kwana ɗaya, kada a yi amfani da bandaki sai gobe, kada kuma ko babur ya hau kankaren har mako guda. Na wanke daɓe da camba da ruwan zafi da maganin kashe ƙwari, aka kwashe baƙar ƙasar aka fitar, aka zuba sabuwa.

Litinin da na dawo daga makaranta na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta da kwanon fura, ta sha fiye da rabi. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko gaskiya ne har Argungu na je ranar Alhamis, domin ita ta ɗauka asibiti na tafi. Na ce gaskiya ne. Ta ce wa ya gaya mini wurin da za a tona. Na ce ba kowa. Ta juya ludayi, sannan ta ce in je in ci abinci, na sha rana.

Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma haka. Amma da zai gina sabon shagonsa na shinkafa a shekarar da ta biyo baya, ya zo gida ranar da maigida yake nan, ya shimfiɗa takardar magini a tabarma, ya ce a kira Malama ta duba inda ruwan rufi zai bi. Na duba, na ce magudanar ta fuskanci ƙofar maƙwabcinsa, za su yi rigima da damina. Ya sa aka juya ta.